Tafawa Ɓalewa: Malamin makarantar da ya kai jirgin ƙasa Maiduguri

Duba takardar naira biyar, in har za ka samu a aljihu. Mai hoton nan shi ne Abubakar Tafawa Ɓalewa. An haife shi a ƙasar Bauchi a 1912, ya yi Kwalejin Katsina, ya koma gida yana koyarwa. Shi ne kuma ya rubuta Shaihu Umar.

A 1952 ya zama ministan ayyuka, daga baya aka ba shi sufuri. Yana kan wannan kujera aka kafa hukumar jiragen ƙasa ta Najeriya a 1955. Bayan ya zama Firayim Minista a 1957, an karɓo rancen Bankin Duniya, aka shimfiɗa dogo daga Kuru, kusa da Jos, ya ratsa Bauchi da Gombe, ya isa Maiduguri a 1964. Wajen kilomita 640 fa, jama'a!

Sojoji suka kashe shi a juyin mulkin Janairun 1966. Allah ya jiƙansa.

To mu fa, 'yan Gwandu da Kalgo? Dogon da ya nufo ɓangarenmu ya tsaya a Ƙaura Namoda tun 1929. Har yau, in za mu Kano ko Legas, sai dai mu matsu a mota. Wa zai ƙarasa mana namu?