Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da Neman Ilmin Likitanci

Mu da muka tashi a ƙasar Sabon Birni da Isa, da wuya a ambaci Muhammadu Bello ba mu tuna da yaƙi ba. Shi ya jagoranci rundunar da ta ci Alƙalawa a 1808, inda Sarkin Gobir Yunfa ya rasa ransa, shi ne kuma ya karya Gobirawa da abokan ƙawancensu a Gawakuke a 1836. Kufan Alƙalawa yana nan kusa da mu. To, amma akwai wani ɓangare na rayuwarsa da ba a cika faɗa ba ko a Kurawa ko a Sakkwato, watau himmarsa wajen neman ilmin magani.

An haife shi a 1781. Ya yi karatu a wajen mahaifinsa Shehu Usmanu da ƙanen mahaifinsa Abdullahi, ya gina Sakkwato a 1809, ya zama Sarkin Musulmi a 1817. Duk wannan sananne ne.

Abin lura shi ne, sarauta ba ta raba shi da ɗalibta ba. Ya wallafa littattafai da dama cikin Larabci a kan ɗibbu. Akwai wanda ya keɓe wa cututtukan ido, akwai na basir, akwai kuma wanda ya yi a kan ganyen filasko kaɗai. Wannan na ƙarshe ya fi jan hankalina, domin hanyarsa ita ce wadda ake ɗora mai neman digiri na biyu a kanta a yau: a ɗauki abu guda ƙarami, a tattara abin da magabata suka rubuta, a bi shi har ƙarshe. Dangin filasko kuwa har gobe ana sarrafa ƙwayoyin sassauta ciki da su. Gaskiya ne yawancin abin da ya rubuta ya tsamo shi ne daga hadisai da littattafan malaman Gabas, kuma ba shi da ɗakin gwaji, balle madubin ganin ƙwayoyin cuta. Ni a ganina ya san littafi kaɗai ba ya isa, kuma abin da ya gudana tsakaninsa da wani baƙo shi ne hujjata.

A 1824 Baturen Ingila Kyaftin Clapperton, wanda ke tafiya da sunan Abdullahi, ya iso Sakkwato. Likitan ayarinsu, Oudney, ya riga ya mutu a hanya kusa da Katagum. Bello ya sa aka kawo masa na'urorin baƙon, har da wadda ake auna tsayin rana da ita, ya dudduba, ya yi tambayoyi, ya kuma nuna ya san sunayen taurari da Larabci. Cikin abubuwan da ya nema daga Sarkin Ingila har da likita wanda zai zauna a ƙasarsa. A lura, mutumin da ya rubuta littattafan magani da hannunsa shi ne ke neman a aiko masa da wanda ya san abin da shi bai sani ba.

Clapperton ya komo a 1826, amma ba likita. Biyu aka haɗo shi da su: Morrison ya mutu a ƙasar Yarabawa, Dickson kuwa ya bi ta Dahomi, ba a sake ganinsa ba. Abin da ya iso sai littattafan Larabci, ciki har da na Ibn Sina da littafin lissafi na Iƙlidis. Bello ya yi murna ƙwarai da na Iƙlidis, domin gobara ta cinye wanda suke da shi a gida. Zamansu bai yi daɗi ba a wannan karo, saboda yaƙin da ake yi da Barno ya sa Bello ya hana baƙon wucewa can. Ciwo ya kwantar da Clapperton, ya mutu a Sakkwato cikin Afrilu 1827.

Bello ya ƙara shekara goma a kan gadon sarauta, mafi yawansu a ribaɗin Wurno, yana tsaron iyaka da Gobir. A can ya rasu a 1837, shekara guda bayan Gawakuke, a can kuma kabarinsa yake. Likitan da ya nema bai taɓa zuwa ba a zamaninsa.