Arthur Holmes: Masanin da ya mayar da yuraniyom agogon auna shekarun duwatsu

A Nijar, da zarar an ambaci yuraniyom, abin da ke zuwa a ran jama'a shi ne Arlit da Akokan, da kamfanonin haƙar ma'adinai, da kuma taƙaddamar wanda ke cin moriyar arzikin. Sai dai wannan ƙarfe yana da wani aiki da ba a cika magana a kansa ba. Da shi ne masana ke gane shekarun duwatsu, har su faɗi lokacin da doron ƙasar da muke takawa ya fara samuwa.

Mutumin da ya fi kowa ɗawainiyar tabbatar da wannan hanya shi ne Arthur Holmes, masanin duwatsu ɗan Birtaniya. Ya shafe fiye da shekara 50 yana neman sanin shekarun duniya, cikin talauci da rashin lafiya da kuma adawar manyan malaman zamaninsa.

Haihuwarsa da karatunsa

An haifi Holmes ranar 14 ga watan Janairun 1890 a garin Hebburn, kusa da birnin Newcastle a arewa maso gabashin Ingila. Mahaifinsa kafinta ne, mahaifiyarsa kuma malamar makaranta. Ya yi karatu a Gateshead, sannan a 1907 ya samu tallafin karatu zuwa kwalejin kimiyya ta Landan wadda yau ake kira Imperial College. Ilimin fiziks ya je karantawa, amma daga baya ya koma fannin duwatsu.

A wancan lokaci masana sun rarrabu kan shekarun duniya. Lord Kelvin, wanda maganarsa ke da nauyi ƙwarai a fagen kimiyya, ya yi lissafi da yadda duniya ke hucewa, ya ce shekarunta suna tsakanin miliyan 20 zuwa 40. John Joly na ƙasar Ayalan kuwa ya auna gishirin da ke cikin teku, ya ce sun kusa miliyan 100. Duk waɗannan ƙiyasi ne, babu wanda ya iya ɗaukar dutse guda ya faɗi shekarunsa.

Yadda agogon yake aiki

Mafita ta zo ne daga wani ɓangare. A 1896 Bafaranshen nan Henri Becquerel ya gano cewa yuraniyom yana fitar da wani irin haske da ido ba ya gani. A 1907 kuma Ba'amurke Bertram Boltwood ya nuna cewa ƙarfen yana rikiɗewa sannu a hankali har ya koma dalma.

Abin da ya sa wannan ya zama agogo shi ne saurin rikiɗewar ba ya canzawa, ko da zafi ko da sanyi. Nau'in yuraniyom da ya fi yawa yana ɗaukar kimanin shekara miliyan 4,500 kafin rabinsa ya koma dalma. Kamar randa ce mai yoyo da aka ɗora bisa kwano. Wanda ya san saurin ɗigar, idan ya duba ruwan da ya taru a kwano da wanda ya rage a randa, zai iya cewa tun yaushe aka cika ta.

Duwatsun da suka fi dacewa da wannan awo su ne waɗanda asalinsu narkakken dutse ne da ya taso daga cikin ƙasa ya daskare, irin su giranit. Lokacin da suke daskarewa, wasu ƙananan ƙwayoyi masu ƙyalli, musamman wanda ake kira zirkon, sukan kulle yuraniyom a cikinsu, amma ba sa karɓar dalma. Saboda haka dalmar da aka tarar a ciki daga baya, bayan daskarewar ta samu.

Malaminsa Robert Strutt ne ya ɗora Holmes kan wannan aiki. Yana ɗan shekara 21 ya auna wani dutse daga ƙasar Norway, ya samu shekara miliyan 370. An wallafa sakamakon a 1911.

Tafiyarsa Afirka

Kafin takardar ta fito, shi ya riga ya bar Ingila. Tallafin fam 60 a shekara bai isa ya riƙe shi ba, don haka ya karɓi aikin neman ma'adinai a Mozambik. Ya yi wata shida a daji ba su samu wani abin kirki ba, kuma zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da shi har aka aika gida da labarin cewa ya mutu. Da ya farfaɗo ya koma Landan da tsoffin duwatsun da ya tattaro, waɗanda suka sa masa sha'awar tarihin ƙasar Afirka har ƙarshen rayuwarsa.

A 1913, yana da shekara 23, ya fitar da littafinsa na farko mai suna The Age of the Earth, inda ya ce duwatsu mafi tsufa da aka auna sun kai shekara miliyan 1,600. Yawancin dattawan fannin ba su yarda ba. Akwai kuma matsala ta gaske a cikin awon, domin a daidai wannan lokaci aka gano cewa dalma iri-iri ce. Wata daga yuraniyom take, wata daga wani ƙarfe da ake kira toriyom, wata kuma tun asali tana nan. Kayan aikin da yake da su ba sa iya rarrabe su.

Shekarun wahala

Ya auri Margaret Howe a 1914, kuma albashin koyarwa bai wadatar da iyali ba. A 1920 ya tafi Bama, wato Myanmar ta yanzu, a matsayin babban masanin duwatsu na wani kamfanin man fetur. Kamfanin ya durƙushe, ƙaramin ɗansa Norman kuma ya rasu a can sakamakon ciwon atini. A 1922 Holmes ya dawo Ingila ba ko sisin kwabo, ba aikin yi. Sai da ta kai ya buɗe shago a Newcastle yana sayar da kayan ƙawa na ƙasashen gabas.

A 1924 Jami'ar Durham ta ɗauke shi ya jagoranci sabon sashen ilimin duwatsu. A nan ne ya shiga wata muhawarar. Bajamushe Alfred Wegener ya riga ya ce nahiyoyi a haɗe suke a da, sannan suka rabu, amma an yi watsi da maganarsa saboda bai nuna ƙarfin da ke tura su ba. A watan Disamban 1927, a wata lacca a Glasgow, Holmes ya ce zafin da yuraniyom da ire-irensa ke fitarwa a cikin ƙasa yana sa duwatsun da ke ƙarƙashin ɓawon duniya su riƙa juyawa a hankali, kamar yadda kunu ke juyawa a tukunya, suna jan nahiyoyi a bayansu. Sai a shekarun 1960, da aka binciki ƙarƙashin teku, aka karɓi ra'ayin tafiyar nahiyoyi.

Margaret ta rasu a 1938. A shekarar da ta biyo baya ya auri Doris Reynolds, ita ma sananniyar masaniyar duwatsu. A 1943 ya koma Jami'ar Edinburgh a matsayin farfesa, kuma a 1944 ya fitar da Principles of Physical Geology, littafin da ɗalibai suka yi ta karatu da shi shekara da shekaru.

A wannan tsakani Ba'amurke Alfred Nier ya ƙware wajen aiki da na'urar da ke rarrabe nau'o'in dalma. Holmes ya ɗauki alƙaluman Nier ya yi ta lissafi da na'urar ƙidaya, ya kai shekarun duniya fiye da miliyan 3,000. A 1956 Clair Patterson, shi ma ɗan Amurka, ya wallafa adadin miliyan 4,550 bayan ya auna duwatsun da suka faɗo daga sararin samaniya. Kusan wannan adadi ake riƙe da shi har yau.

Abin da awon ya nuna a Nijar

A babban taron masana duwatsu na duniya da aka yi a Landan a 1948, Holmes ya nuna cewa tsohon ginshiƙin Afirka ba dunƙule ɗaya ba ne. Ɓangarori ne masu shekaru daban-daban da suka manne da juna a lokuta daban-daban, kamar zane mai faci. Daga baya shi da Lucien Cahen ɗan Beljiyam suka tattara shekarun duwatsun nahiyar da aka auna zuwa tsakiyar shekarun 1950.

Binciken da aka yi bayansa a yankinmu ya bi wannan sawu. Duwatsun Liptako, waɗanda ke leƙowa a bakin kogin Kwara a Yamai su miƙa yamma zuwa Tera da iyakar Burkina Faso, suna da kimanin shekara miliyan 2,100. Awon ya nuna cewa a wancan zamani ne wani babban yanki na ɓawon Afirka ta Yamma ya samu sabo fil daga narkakken dutsen cikin ƙasa. A cikin waɗannan duwatsu zinariyar Samira da ta Komabangu take, kuma 'yan uwansu ne ke ɗauke da zinariyar Gana da Mali da Burkina Faso. Shi ya sa masu neman ma'adinai ke fara tambayar shekarun dutse kafin su zuba kuɗi.

Ginshiƙin Abzin da Damagaram da kudancin Maraɗi kuwa ya samu siffarsa ne kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce, lokacin da manyan ɓangarorin ƙasa suka yi karo suka manne. Bayan haka wasu sabbin duwatsun giranit suka huda shi daga ƙasa. Na Abzin sun haura shekara miliyan 400, na Damagaram da Muniyo suna wajen miliyan 300, na tsaunukan Jos a Najeriya kuma ba su kai miliyan 200 ba in ban da kaɗan. Wato ana gangarowa kudu, shekarun suna raguwa. Shi kansa yuraniyom na Arlit, da ake haƙowa daga duwatsun rairayi, yawancin masana suna danganta asalinsa da duwatsun Abzin da ruwa ya zaizaye.

A Kaduna an samu dutsen da zirkon ɗinsa ya haura shekara miliyan 3,500, yana cikin mafi tsufa a Afirka ta Yamma. A faɗin duniya kuwa, duwatsun Acasta na Kanada sun kai kimanin miliyan 4,000, yayin da wasu ƙwayoyin zirkon na Ostireliya suka kai miliyan 4,400.

Ƙarshen rayuwarsa

Holmes ya yi ritaya a 1956 saboda rashin lafiya. A shekarar ne ya samu lambar yabo ta Wollaston a Birtaniya da ta Penrose a Amurka, sannan a 1964 aka ba shi lambar Vetlesen, wadda ake kallo a matsayin mafi girma a fannin. Ya kammala sabunta babban littafinsa aka buga a 1965, kuma ya mutu a Landan ranar 20 ga watan Satumban wannan shekara, yana da shekara 75.

Matarsa Doris ta sake gyara littafin ta fitar da bugu na uku a 1978. A yau ƙungiyar masana kimiyyar ƙasa ta Turai tana bayar da lambar yabo da sunansa, an kuma raɗa wa wani rami a duniyar Mars sunan Holmes.