Nana Asma'u ɗiyar Shehu: malamar da ta kai karatu har cikin gida



Sunan Nana Asma'u ba baƙo ba ne a kunnenmu. Akwai makarantu masu sunanta, akwai ƙannenmu da yayyenmu da aka raɗa wa shi. Amma in aka ce wani cikinmu ya tashi ya faɗi abin da ta yi, da yawa za mu tsaya ne a kan cewa ɗiyar Shehu Usman ɗan Fodiyo ce. Hakan gaskiya ne, sai dai Shehu ya haifi ɗiya da yawa. Abin da ya ware ta shi ne inda ta kai ilminta: ta kai shi wurin matan ƙauye waɗanda ba su taɓa riƙe allo ba, cikin harshen da suke ji.

An haife ta a Ɗagel a shekarar 1793. Tagwaye ne ita da ɗan uwanta Hassan, sunan mahaifiyarsu Maimuna. Gidan nasu ba nesa yake da mu ba. A Maratta aka haifi Shehu a 1754, garin da ke cikin jihar Tawa a yau, kusa da Galmi, kuma har Agadas ya je neman ilmi wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru. A lokacin babu iyakar da ta raba Ƙwanni da Sakkwato.

Ta tashi a gidan da mace ke karatu kamar namiji. Shehu ya sha suka daga wasu malaman zamaninsa saboda mata na halartar wa'azinsa, shi kuma ya soki mazan da ke barin matansu da ɗiyansu cikin jahilci alhali suna karantar da ɗaliban waje. A wanga gida Asma'u ta haddace Alƙur'ani, ta yi karatun fiƙihu, da tauhidi, da tasawwufi bisa ɗariƙar Ƙadiriyya. Ta iya Larabci da Fillanci da Hausa, ta yi rubutu da dukkansu, tana kuma jin Buzanci.

Kada mu ɗauka a inuwa ta yi wannan karatu, hankali kwance. Tana da shekara goma sha ɗaya, a 1804, jama'ar Shehu suka yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu, yaƙi ya ɓarke tsakaninsu da Sarkin Gobir Yunfa. Shekarun da suka biyo baya na yunwa ne da ciwo da tashi daga wannan sansani zuwa wancan, har Alƙalawa ta faɗi a 1808. A cikin waɗannan shekaru aka aurar da ita ga Giɗaɗo ɗan Laima, aminin yayanta Muhammadu Bello, wanda daga baya ya zama wazirinsa. Ta haifa masa ɗiya maza, cikinsu har da Abdulƙadir da ya gaji mahaifinsa a wazirci. Ga aure, ga reno, ga gidan waziri da ba ya rabo da baƙi, amma alƙalami bai bar hannunta ba.

A 1817 Shehu ya rasu a Sakkwato. Ita da mijinta suka ɗauki nauyin tattara littattafansa da kiyaye su, aiki mai cin rai a zamanin da kowane kwafi da hannu ake rubuta shi, takarda kuma daga ƙetaren Sahara take zuwa. A 1820 ta rubuta Tanbihul Gafilin da Larabci. Bayan nan ta fi karkata ga waƙa, kuma da dalili. Littafin Larabci malamai ne kaɗai za su buɗe shi. Waƙa kuwa mace na iya haddace ta tana daka, tana kaɗi, tana goyo, ta kuma koya wa maƙwabciyarta ba tare da takarda ba.

Shi ya sa ta tsara sunayen surorin Alƙur'ani 114 cikin gajeruwar waƙa, da Fillanci da kuma Hausa, don mai koyo ya riƙe su a jere. Ta mayar da waƙar mahaifinta ta Fillanci zuwa Hausa, wadda aka sani da Tabbat Haƙiƙa, mai gargaɗin masu mulki da alƙalai da ƴan kasuwa a kan zalunci da cin haƙƙin mutane. Ta yi Waƙar Gewaye a kan rayuwar Shehu da tafiye-tafiyen jama'arsa. Ta yi wata da ta jero mata salihai, tun daga matan Annabi (SAW) da ɗiyansa, zuwa Rabi'atul Adawiyya, zuwa matan da ta sani ido da ido a gidansu. Manufarta a fili take: mace ta ji cewa tana da magabata a wannan hanya.

Wanda ke son sanin halinta ya dubi waƙoƙinta na makoki. Ta yi wa Bello da ya rasu a Wurno a 1837, ta yi wa Giɗaɗo, ta yi wa aminiyarta A'isha. Amma ba manya kaɗai ta yi wa ba, har maƙwabciyarta Halima ta samu nata rabo. Abin da take yabo ga mamaci shi ne haƙuri, da kyauta, da sada zumunci, da sasanta mutane, da kula da marayu. Ba sarauta take ƙirgawa ba, ba dukiya ba.

Babban aikinta shi ne ƴan taru. Bayan yaƙe-yaƙe, ƙauyuka sun cika da mata, ƴaƴa da bayi, waɗanda addini bai wuce suna a wurinsu ba, da yawa kuma bori suka sani a matsayin mafaka in ciwo ko baƙin ciki ya zo. Matan aure masu ƙananan yara ba su iya barin gida su tafi Sakkwato karatu. Sai Asma'u ta zaɓi dattijai mata masu hankali da riƙon amana, ta naɗa kowace a matsayin jaji, ta ba ta malfa da jan rawani. Jaji kan taho daga ƙauyensu da ayarin tsofaffi da ƴan mata da ba su kai aure ba, su zauna gaban malama su haddace waƙoƙi, a yi musu bayani, sannan su koma su karantar da waɗanda suka bari a gida. Abin da suke koyo na yau da kullum ne: tsarki, salla, azumi, haƙƙin miji da na mata, duba marar lafiya, wankan gawa, taimakon mai haihuwa. Malfar nan ma ba a banza ta zo ba. Irinta ce Innar Gobir, shugabar bori, ke sawa. Asma'u ta ɗauki alamar da mata suka riga suka sani suna girmamawa, ta ɗora ta a kan malama.

A nan akwai maganar da bai kamata mu tsallake ba, musamman mu na Maraɗi da Tsibiri. Kakannin da yawa cikinmu suna ɗaya ɓangaren ne a waɗannan yaƙe-yaƙe. Sarakunan Katsina da aka kora su suka kafa mulki a Maraɗi, Gobirawa kuma suka zauna Tsibiri. A yaƙin Gawakuke na 1836 rundunar Bello ta kashe Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsinan Maraɗi Rauda, Asma'u kuwa ta yi waƙa a kan wannan nasara ta ɗan uwanta. Ita ɗiyar gidanta ce da zamaninta, ta tsaya inda nata suka tsaya. Ba sai mun ɓoye wannan ba kafin mu amfana da ita, ba kuma sai mun zagi kakanninmu ba. An daɗe da mayar da takubba kube, jikokin ɓangarorin biyu sun yi auratayya, suna sahu ɗaya a masallaci. Abin da ya rage mai amfani shi ne karatun.

Ta rasu a 1864, aka rufe ta a Hubbare kusa da mahaifinta. Ƙanwarta Maryam ta ci gaba da jagorancin ƴan taru, aikin kuma bai mutu ba har bayan zuwan Turawa. A 1997 wasu masu bincike biyu, Jean Boyd da Beverly Mack, suka buga tarin rubuce-rubucenta kusan sittin a littafi guda. Yau ana nazarinta a jami'o'in Amurka da Ingila, alhali da yawa cikinmu mun gama lise ba mu taɓa jin baiti ɗaya nata ba.

To mu fa? Allah ya ba mu abin da ƙannenmu na ƙauye da yawa ba su samu ba. Mun yi allo, mun yi lakwal, wasunmu na jami'a a Yamai ko Damagaram, muna karanta Faransanci da Larabci. Amma sau nawa muka zauna da inna muka gyara mata Fatiha cikin ladabi, ba tare da mun sa ta jin kunya ba? Ƙanwar da aka cire daga aji aka yi mata aure, wa ke kai mata karatu ɗakinta? Mukan yi muhawara mai zafi a WhatsApp da kalmomin da kakarmu ba ta gane ko ɗaya, mu tashi muna jin mun yi wa addini aiki.

Nana Asma'u ta fi mu ilmi nesa ba kusa ba, duk da haka ba ta ga ƙasƙanci ba a sauƙaƙa magana har tsohuwar ƙauye ta fahimta. Hutu na zuwa. Kowane ɗayanmu, mace da namiji, ya zaɓi mutum guda a gidansu ko unguwarsu wanda karatu bai kai gare shi ba, ya ware masa rabin awa bayan la'asar, da Hausa, da haƙuri, har hutun ya ƙare.

Allah ya jiƙan Nana Asma'u da iyayenta da malamanmu, ya gafarta wa kakanninmu baki ɗaya, ya sa abin da muka karanta ya amfani mutanen gidanmu. Amin.