Georges Méliès: Ɗan mai takalman da ya koya wa kyamara rufa-ido

Idan kana hawa TikTok ka san wannan salon: mutum ya tsaya da tsohuwar riga, ya rufe kyamara da tafin hannu, yana janyewa sai ga shi cikin shadda da hula kamar ango. Mu dai muna ɗaukar abin sabon yayi. To ba sabo ba ne, ya haura shekara 120. Wani Bafaranshe mai suna Georges Méliès ne ya yi suna da shi tun 1896, zamanin da babu kwamfuta, babu manhajar tace bidiyo, sai katako da fenti da gilashi.

An haifi Méliès ranar 8 ga Disamba 1861 a birnin Paris. Mahaifinsa attajiri ne mai masana'antar takalma, burinsa yaron ya gaji sana'ar gida. Shi kuwa yaron, hankalinsa na kan zane. A 1884 aka tura shi Landan, sai ya maƙale wa wani gidan wasan dabo mai suna Egyptian Hall, inda John Nevil Maskelyne ke nuna siddabarunsa. Da mahaifin ya ajiye aiki a 1888, Méliès ya sayar wa 'yan'uwansa kasonsa, ya sayi gidan wasan dabo na Robert-Houdin a Paris. A kan wannan dandamali ya koyi abin da ya riƙe har ƙarshen aikinsa: ɗan kallo yana zaune ne wuri ɗaya, ta kusurwa ɗaya yake gani. Idan ka gyara abin da ke gaban idonsa, abin da ka so shi zai gani.

A Disamba 1895 'yan'uwan nan biyu, Auguste da Louis Lumière, suka nuna hoto mai motsi a Paris, kuma Méliès na cikin waɗanda suka gani. Ya nemi a sayar masa da na'urar, aka ce a'a. Bai yi fushi ya zauna ba. Ya sayo na'urar haska fim daga wajen Robert Paul na Landan, ya sauya ta ta koma kyamara.

Shi da kansa ya riƙa ba da labarin cewa wata rana yana ɗaukar hoton titi a Paris sai kyamarar ta maƙale na ɗan lokaci. Da ya zo kallon abin da ya ɗauka, sai ya ga keken doki na fasinja ya rikiɗe ya zama na ɗaukar gawa. Ashe a tsayawar da kyamarar ta yi, wancan ya wuce, wannan ya iso wurin. A 1896 ya yi fim da wannan dabara: ya lulluɓe wata mata da zane, ya tsayar da kyamara, matar ta fita, ya ci gaba da ɗauka. Ana yaye zanen, babu ita. Duk lokacin da ka ga aljani ya ɓace ɓat a fim ɗin Hausa, wannan dabarar ce.

Amma babban aikinsa a wajen tsara fage yake. A 1897 ya gina situdiyo a Montreuil, kusa da Paris, bango da rufi duk gilashi, saboda hasken rana ne fitilarsa. A ciki ba a gina fada ko kogo na gaske. Zana su ake yi a kan ƙyalle da shafaffen katako. Abin da ake so ya zama kusa a zana shi babba, na nesa a zana shi ƙarami, inuwa ma da fenti ake yin ta. Me ya sa hakan ke aiki? Kai idonka biyu ne, shi ya sa kake gane zurfi da nisa. Kyamara ido ɗaya gare ta, kuma Méliès kafe ta yake yi wuri ɗaya ba ta motsi, don haka ba ta bambance bangon da aka zana da hanya mai tsawo. Har launin fentin ma da lissafi: da toka-toka iri-iri yake zanen, saboda fim ɗin lokacin baƙi da fari ne, kuma ba ya ɗaukar sauran launuka yadda ido ke ganinsu.

Idan yana son ƙarƙashin teku, sai ya ajiye akwatin gilashi mai ruwa da kifaye a gaban kyamara, 'yan wasa su tsaya a baya a bushe. A wani fim na 1901, kansa ne ake gani a kan tebur yana kumbura kamar balan-balan. Babu kan da ya kumbura. Kujera ya hau, aka lulluɓe jikinsa da baƙin ƙyalle, aka riƙa turo shi kusa da kyamara, sannan aka ɗora wannan hoton a kan na ɗakin. A 1902 ya fitar da Le Voyage dans la Lune, wato tafiya zuwa duniyar wata. Wataƙila ka taɓa ganin hotonsa a intanet: farin wata mai fuskar mutum, kumbo ya cake masa a ido.

Fim ɗin ya karɓu sosai, musamman a Amurka. Sai dai kuɗin ba aljihunsa suka shiga ba. Kamfanonin can suka riƙa kwafar fim ɗin suna sayarwa ba tare da izininsa ba, har sai da yayansa Gaston ya buɗe ofis a New York don kare haƙƙinsu. Daga baya kuma 'yan kallo suka fara gajiya da dabo, suka koma son labari mai tsawo da wurare na zahiri. Méliès bai sauya salo ba. A 1911 ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin Pathé, ya jinginar da gidansa da situdiyonsa. Finafinan ba su yi kasuwa ba. Zuwa 1913 ya daina fim, bayan ya yi sama da 500.

Sai ga yaƙin duniya na ɗaya. An ruwaito cewa sojojin Faransa sun narkar da ɗaruruwan finafinansa don cire azurfar da ke jiki, sauran kuma aka yi dunduniyar takalma da shi. Ka ji fa, ɗan mai takalman da ya gudu daga sana'ar gida. A 1923 aka rushe gidan wasan Robert-Houdin don tsawaita titi, situdiyon Montreuil ma ya suɓuce masa. Cikin baƙin ciki ya cinna wa asalin finafinan da ke hannunsa wuta.

A 1925 ya auri Jehanne d'Alcy, matar nan da ya ɓatar a fim ɗin 1896. Tare suka riƙa sayar da alewa da kayan wasan yara a wani ɗan shago a tashar jirgin ƙasa ta Montparnasse. Jama'a na wucewa kullum, ba su san ko wane ne ba. Sai a ƙarshen shekarun 1920 'yan jarida da masoya fim suka gano shi. Aka shirya bikin karrama shi a 1929, a 1931 kuma aka ba shi lambar girmamawa ta ƙasar Faransa. Louis Lumière ne ya miƙa masa, ɗan gidan da ya hana shi kyamara. Ya rasu ranar 21 ga Janairu 1938 yana da shekara 76.

Yau kusan finafinansa 200 ne suka rage, waɗanda aka tsinto a ƙasashe daban-daban. A 2011 Martin Scorsese ya dawo da labarinsa cikin fim ɗin Hugo.

Don haka idan wani bidiyo ya ɗaure maka kai a waya, kafin ka tura wa abokai, tambayi kanka: ina kyamarar ta tsaya, kuma me aka ajiye a gabanta? Idan kuma kai ne mai yin bidiyon, sa sunanka a jiki, ka adana asalinsa a wuri fiye da ɗaya. Méliès ya iya sarrafa idon duniya, amma riƙe abin da ya ƙirƙira ne ya gagare shi.