Alƙali Shuraihu Da Shari'ar 'Yan Kasuwar Kufa

Shuraihu ɗan Harisu mutumin ƙabilar Kinda ne ta ƙasar Yaman. Ya riski zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, amma galibin malamai cikin Tabi'ai suke lissafa shi.

Sanadin alƙalancinsa cinikin doki ne. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya karɓi doki a hannun wani mutum don ya gwada kafin ya saya, sai dokin ya ji ciwo. Umar ya so ya mayar, mai doki ya ƙi karɓa, suka yarda Shuraihu ya raba su. Shi kuwa ya hukunta cewa tun da lafiyayye aka karɓa, to, ko dai a mayar da shi lafiyayye ko a biya. Umar bai fusata ba, sai ma ya naɗa shi alƙalin Kufa a ƙasar Iraƙi, inda ya yi kusan shekara 60 yana shari'a.

Kufa kuwa gari ne na mayaƙa da fatake, ƙararrakin ciniki da bashi ba su yankewa. Ƙa'idarsa ita ce abin da mutum ya ɗora wa kansa, ba tare da an tilasta shi ba, ya hau kansa. Imamu Buhari ya kawo labarin wani da ya ce wa mai hayar raƙuma ya ɗaura sirdi, in bai tafi tare da shi rana kaza ba zai ba shi dirhami 100. Ranar ta zo bai fito ba, Shuraihu ya ce sai ya biya. Malaman zamani suna kafa hujja da wannan hukunci wajen tarar da ake rubutawa cikin kwangila saboda saɓa wa'adi. Haka kuma da masu sayar da zare suka zo masa, ya mayar da su ga al'adar da suka saba ciniki a kanta.

Wajen bashi ne tsananinsa ya fi fitowa. Yakan sa a tsare wanda ake bi a jikin ginshiƙin masallaci. An ruwaito ma ya tsare wani da aka ce ba shi da abin biya, yana ganin ayar saurarawa ta cikin Suratul Baƙara a kan bashin riba ta sauka. A nan jumhurin malamai suka saɓa masa, kuma a ganina su ne da gaskiya: tsarewa don a gane mai ɓoye dukiya ake yin ta, in karayar arziki ta tabbata sai a saurara wa mutum har ya samu.

Sai dai ba wanda zai ce yana duban fuska. Ɗansa na cikinsa ya taɓa tsaya wa wani, mutumin ya gudu. Shuraihu ya ɗaure ɗan, ya kuma riƙa kai masa abinci kurkuku.

Da tsufa ya kama shi ya nemi Hajjaju ɗan Yusufu ya sauke shi, aka sauke shi. Ya rasu wajen shekara ta 78 ta Hijira, yana da fiye da shekara 100. Hukunce-hukuncensa masu yawa suna nan cikin littafin Akhbarul Ƙudati na Waki'u. Allah Ya ji ƙansa, amin.