Henrietta Lacks, Matar da Ba a Nemi Izininta Ba

A wannan mako mun kawo muku tarihin Henrietta Lacks, wata baƙar fata 'yar Amurka. An haife ta a jihar Virginia a shekarar 1920, ta tashi a hannun kakanta suna noman taba. Ta yi aure, ta haifi 'ya'ya biyar.

A 1951 ta je asibitin Johns Hopkins da ke birnin Baltimore, aka gano tana da sankarar bakin mahaifa. Likitoci suka yanki 'yar tsoka daga wurin ciwon don bincike, ba su gaya mata ba, domin a lokacin babu dokar da ta tilasta musu neman izini. Ta rasu ranar 4 ga Oktoba, 1951, tana da shekara 31.

Amma ƙwayoyin halittar da aka ɗiba ba su mutu ba. Suka yi ta hayayyafa a ɗakin bincike, aka raɗa musu suna HeLa. Da su aka gwada allurar rigakafin shan-inna ta farko, cutar da ta nakasa yara da yawa a ƙasar Hausa. Kamfanoni suka riƙa sayar da su, alhali 'ya'yanta suna fama da talauci. Ba su ma sani ba sai bayan shekara ashirin. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta karrama ta.

'Yan'uwa ɗalibai masu burin zama likitoci, mu riƙe wannan: jikin majiyyaci amana ne, komai amfanin bincike sai an nemi yardarsa tukuna.