Nicholas Said: Ɗan Kukawa da aka sayar a Sahara ya yi yaƙin kawar da bauta a Amurka

A wajajen shekarar 1836 aka haifi Muhammadu Ali ɗan Sa'id a Kukawa, hedikwatar daular Borno tun kafin Yerwa ta zama mazaunin Shehu a 1907. Mahaifinsa shi ne Barka Gana, ɗaya daga cikin manyan kachallan yaƙin Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi, wanda Bature matafiyi Dixon Denham ya yi ta ambato a labarin zuwansa Borno. Barka Gana ya jagoranci hare-haren da ake kamo bayi. Ɗansa kuma, bayan rasuwarsa, ya faɗa hannun masu irin wannan sana'a.

Yana ɗan saurayi Buzaye suka yi awon gaba da shi tare da abokansa a dajin da suka fita farauta. Aka sayar da shi ga wani Balarabe, aka tsallaka Sahara da shi zuwa Murzuk. Ubangidan ya gane ɗan wane ne, amma hakan bai hana a sake sayar da shi ba. A Tarabulus ya yi wa wani mai shagon taba hidima, daga baya aka kai shi Istanbul. Can ya shiga hannun Yarima Menshikov, jakadan Rasha, a 1853, gab da ɓarkewar yaƙin Kirimiya.

A Rasha ya koma gidan Yarima Nicholas Trubetzkoy, wanda ya sa aka yi masa baftisma a Riga a 1855, kuma daga nan sunan Nicholas ya bi shi. Ya zaga Jamus da Italiya da Faransa da Ingila a matsayin bara, yana tsintar harsuna: Larabci da Turkanci da Rashanci da Faransanci da Italiyanci, ban da Barbarcin da ya tashi da shi. Niyyarsa ta komawa Borno ta wargaje a 1860, lokacin da ya bi wani ɗan Holan zuwa Arewacin Amurka, mutumin ya ci bashin kuɗinsa ya gudu ya bar shi a Kanada.

Ya yi koyarwa a Detroit, sannan a 1863 ya shiga runduna ta 55 ta Massachusetts, ta baƙar fata, a yaƙin basasar Amurka, har ya kai muƙamin saje. Yaƙin ya ƙare da gyara na 13 ga tsarin mulkin ƙasar a 1865, wanda ya haramta bauta. Said ya zauna a jihohin Kudu yana koyar da 'ya'yan waɗanda aka 'yanta. Mujallar Atlantic Monthly ta buga labarinsa a 1867, shi kuma ya wallafa tarihin rayuwarsa a Memphis a 1873. Bai ambaci aikin sojansa a littafin ba, wataƙila saboda fararen Kudu, waɗanda rundunarsa ta yaƙa, na cikin masu saye.

Hanyar da aka bi da shi kuwa doka ta daɗe ba ta iya rufe ta ba. Daular Usmaniyya ta Turkiyya ta hana cinikin bayi baƙar fata a 1857, amma ayari ya ci gaba da ratsa Fezzan shekaru da dama. A Arewacin Nijeriya, shelar Lugard ta 1901 ta hana harin bayi, ta kuma 'yanta yaran da za a haifa daga lokacin, amma ta bar manya a gidajen iyayengijinsu. Sai a 1936 aka soke bautar baki ɗaya. Yau sashe na 34 na tsarin mulkin 1999 ya haramta bauta da aikin tilas, an kafa hukumar NAPTIP a 2003, an ƙarfafa dokarta a 2015. Duk da haka, a 2017 gidan talabijin na CNN ya nuna yadda ake gwanjon baƙin haure a Libiya, ƙasar da aka yi cinikin Said.

Bai sake ganin Kukawa ba. Galibin masana tarihi na sanya rasuwarsa a 1882 a Brownsville ta jihar Tennessee, shekara 11 kafin Rabeh ya rusa garin haihuwarsa.